Tudun da Jummai Ke Ɗinkawa

Duk wanda ya san Birni ya san Jummai mai hula. Ko bai san fuskarta ba, ya ga aikinta a kan wani. Rabin mazan nan da ke fita Juma'a suna wani ɗaga kai kamar su suka gina Damagaram, zarenta ne a ƙoƙon kansu. Ƴar siririya ce, baƙa, ba ta da magana. In kika gaishe ta, allura take kallo ta amsa miki.

Daga Dakusa aka kawo ta gidan su Illa baduku, can bayan duwatsu, lungun da ko ɗan kabu-kabu sai ya yi bisimilla kafin ya shiga. Gidan wa da ƙane ne. Malam Kyari da matarsa Kulu a gabas, Illa da Jummai a yamma, tsakar gida ɗaya, murhu biyu. Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba. Ido ta zo da shi. A nuna mata zanen hula sau ɗaya, ta kalla, ta kau da kai, kwana uku ta fitar da shi, mai zanen ma ya rasa wanne ne nasa.

Shekara ɗaya da aure ta haifi mace, aka sa mata Wasila. To kun san halin mutanenmu da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kamar ba ita ta sha naƙudar ba. Matan yanzu sama-sama suke yin wannan kunyar, a waje su yi fuska, a ɗaki su cinye yaro da sumba. Jummai ta ƙauye ta zo da ita, mai ƙarfi. Ranar da aka yaye yarinyar aka tsallaka tsakar gida da ita, taku goma sha biyu, aka miƙa wa Kulu, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Shi ke nan. Wasila ta tashi tana ce wa Kulu Inna, tana ce wa wadda ta haife ta Tanti Jummai. Ita kuwa Jummai in dole ta kama, sai ta ce "yarinyar can". Shekara ashirin da tara ba wanda ya ji sunan a bakinta.

Sai bayan shekara goma sha biyu ta sake haihuwa, Ummul Khairi. Wannan ita ta sha goyo da zagi da kitso, duk abin da uwa ke yi. Illa ya rasu Ummu tana firamare, Jummai ta zauna a ɗakinta da allurarta.

Wasila kai gare ta kamar aljana. Ta cinye lise, wato sakandare, ta ci jarrabawar bak, aka ba ta burs na ƙaro karatu ta tafi Yamai, daga can sai ga ta a Afirka ta Kudu. Kulu ta bi gidajen biki tana cewa ƴarta dokta ce ta taurari. Wata tsohuwa ta ce, "Su ma ciwo suke?" Kulu ita ma ba ta gane ba, kuma ba ta taɓa tsayawa ta ji ba.

Wani hutun bakans da Wasila ta zo gida, da hantsi, ta kifa turmi a tsakar gida ta zauna, ta buɗe ordinatar, kwamfutarta, a cinya, ta jawo Ummu.

"Dubi ɗigon nan. Ba tauraro ba ne, gari ne guda na taurari, sun fi geron Damagaram duka yawa. A tsakiyarsu akwai rami."

"Irin na masai?"

"Ke banza ce, wallahi. Rami mai ci. Duk abin da ya matso sai ya haɗiye. Amma kafin abincin ya faɗa, yana ta juyawa a bakin ramin yana zafi, yana haske har ya fi taurarin garin duka."

"To ke ina ruwanki, tuwonki yake ci?"

"Ni hasken nake warwarewa. Kamar zare in ya zo a cukurkuɗe, a fitar da ja daban, shuɗi daban, kore daban. Akwai wani babban madubi a kan dutse can inda nake, shi ke kamo hasken, inji ya warware shi, ya zana mini layi. Kin ga layin? Kin ga nan inda ya yi tudu mai faɗi? Muddin ramin yana ci, tudun nan yana tsaye. To nawa ya fara sauka. Shekara uku ina kallonsa. Ya fara ƙin abinci."

"In ya daina ci fa?"

"Sai tudun ya kwanta. Mutane kaɗan ne suka taɓa bin irin wannan tun daga farko har ƙarshe. Ni ina so in ga ranar."

Ummu tana manne da kafaɗarta, amma Wasila ɗaga murya take kamar mai tallan ƙosai. Kowa a gidan ya san da wa take. Jummai na gindin darbejiya, ta ba su baya, hula a gwiwa. Tun da aka ambaci zare allurar ta tsaya. Da Wasila ta gama, sai Jummai ta ce, ba ta juyo ba, "Ummu, ki gaya wa yarinyar can akwai fura a ƙwarya."

Iyakar hirar da suka taɓa yi a kan aikin ke nan.

Zuwan da Wasila ta yi na gaba a bazara ne, lokacin sanƙarau. Ran Talata ta ce kanta na ciwo. Ran Laraba wuya ya ƙi juyawa, aka kai ta asibiti. Kulu ce a bakin gado. Jummai ta dama kunu safe da yamma tana ba Ummu ta kai, kwanon yana dawowa yadda ya tafi. Ran Lahadi aka kai ta makwanci.

Kulu aka shimfiɗa wa tabarmar gaisuwa. Mata suna shigowa, "Kulu, ya haƙuri? Kulu, Allah ya ba ki dangana." Kulu ta yi kuka har muryarta ta dishe, kuma hakkinta ne, ita ta yi wahala. Jummai tana bakin murhu tana tuƙa tuwon baƙi. Wata ta wuce ta ce mata, "Sannu da aiki." Iyakar gaisuwar da ta samu ke nan. Idonta ya yi ja, aka ce itacen ɗanye ne.

Kwana goma sha biyu da rasuwa, da hantsi, salular Wasila ta yi ƙara. Tana ɗakin Kulu a kan akwatin mamaciyar, Ummu ta sa mata wuta don ta kwashe hotuna. Ba kira ba ne. Ƙara ce guda ɗaya, gajeriya, kamar an buga cokali a tasa. Kulu ta fito ba ɗankwali.

Ummu ta ɗauko ta duba. Turancin Ingilishi ne, na lise kawai take da shi, ta yi ta haɗa baƙi.

"Inna, inji ne. Madubin can ya sake kallon abin nata, ya aiko mata da layin."

"Ba su san ta rasu ba?"

"Mutanen sun sani, ai sun kira Baba Kyari sun yi gaisuwa. Injin ne ba a gaya wa ba. Ta riga ta ba shi aiki, yana ta yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Wasila, ga sabon naki ya fito."

Kulu ta yi salati. Ta naɗe salular a tsumma da hannun hagu, ta kai ɗakin ajiya ta cusa bayan buhunan ƙaiƙayi, ta ce ta mutu a can. Jummai tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Bayan kwana uku gidan ya watse zuwa suna a Zango. Jummai ta ce ƙafarta na ciwo. Da Ummu ta dawo daga lise ta tarar da ita zaune a bakin gado, tsumman a gefenta.

"Abin nan da aka yar, yana cin wuta har yanzu?"

Ummu ta kalli uwarta. Ta jona salular, ta cire lambar sirri, ta nuna mata inda za ta taɓa hoton ya buɗe. Ta nuna sau ɗaya. Da Jummai sau ɗaya ya isa.

Layi ne baƙi a kan fari, yana tafiya yana karkarwa kamar sawun ƙadangare a rairayi, sai wajen dama ya tashi ya yi tudu, ya sauka. Jummai ta daɗe tana kallo. Abin da ya faɗo mata shi ne, wannan gilashin ba abin amana ba ne, yau yana haske gobe ya yi baƙi. Biro kuwa ba ta iya riƙewa. Sai ta yanki farin ƙyalle, ta sa baƙin zare a allura. Ta ƙirga saƙar ƙyallen kamar yadda take yi wa hula, ta bi layin, duk wata ƴar karkarwa ta sa ta inda take. Kafin la'asar ta gama. Tudun ya kai gaɓar yatsa biyu.

Daga nan rayuwarta ta koma jiran hantsi. Saƙon yana zuwa bayan kwana goma, wani lokaci sati biyu. In ya yi jinkiri Ummu ta ce hadari ne a can, madubin bai ga komai ba. Jummai ta ɓoye salular a ƙarƙashin matashi. Masu kawo hula suka fara ƙorafi, ta ce ido ne ya fara tsufa.

Abin da zai ba ki tsoro, ko a ɗakinta ita kaɗai, in ƙarar ta zo ba ta ɗauka nan take. Sai ta juya wa matashin baya. Ta gyara shimfiɗa, ta kakkaɓe abin da ba ƙura, ta ɗan jima, sannan ta jawo salular ta gefe kamar ba da gangan ba. Kunyar ta bi ta har nan. A cikin ɗan jiran nan kuma, ta rantse wa Ummu sau ɗaya, tana jin an kifa turmi a tsakar gida. Tana jin an gyara murya, irin ta wadda za ta yi magana da ƙarfi don wani ya ji. Ba a cewa komai. In ta leƙa, turmin yana tsaye inda yake, kaji suna tsattsagar gindinsa.

Wata bakwai, ƙyalle goma sha biyar. In ta jera su a gado ba sai an yi lakwal ba, tudun sauka yake. Daga gaɓa biyu ya dawo ɗaya da rabi, ya dawo ɗaya. Sau biyu ya ɗan ɗaga, zuciyarta ta ɗaga tare da shi, ya sake sauka. Ita ba ta san me take so ba. Yarinyar ta ce tana son ganin ranar, to dole wani ya tsaya ya gani. Amma duk sanda ta ga ya ragu sai kwanon kunun nan ya dawo mata, cike, da sanyi.

Asirin ya tonu a kan kanwa. Kulu ta shigo aro, tana tsaye a tsakar ɗaki, ƙarar ta fito daga ƙarƙashin matashi. Cokali a tasa. Kulu ta saki ƙoƙon hannunta, ta fita da baya.

Bayan azahar Malam Kyari ya tara su a gindin darbejiya. Tsoho ne mai sanyin hali, idonsa ya fara hazo, ba ya son hayaniyar mata. Salular tana gabansa a kan buzu.

"Kulu ta ce tun rasuwar nan ba ta samu barci ba. Kullum tana ganin yarinyar tsaye da akwati a ƙofa, ta kasa tafiya. Ashe abin da ke kiran sunanta yana cikin gidan nan." Ya ja carbi. "Gobe Alhamis zan kai salular nan kasuwar Dole a wanke duk abin da ke ciki, a ba da ita sadaka. Ke Ummu, ki rubuta wa mutanen can su tsayar da injinsu. Mamaci a bar shi ya kwanta. Akwai mai magana?"

Ya yi tambayar ne don al'ada. Wa zai yi magana? Kulu ce uwa, ta riga ta faɗi nata. Ummu yarinya ce. Jummai kuwa a wannan zance ba ta da baki, bare ta nemi wani abu na ƴar fari a gaban wan mijinta. Ta san haka, ta fi kowa sani. Malam Kyari ya miƙa hannu zai ɗauki salular.

"Malam, tudun bai kwanta ba."

Hannun ya tsaya. "Wane tudu?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin ƙyallaye. Ta durƙusa ta jera su a tabarma ɗaya bayan ɗaya, daga na farko. Ta yi magana tana kallon ƙasa. Ta ce akwai gari na taurari, a tsakiyarsa akwai rami mai ci. Ta ce ana warware haskensa kamar zare. Ta ce wannan tudun shi ke nuna yana ci, kuma ga shi yana ƙin abinci, saura kaɗan. Kalma bayan kalma, yadda aka faɗa a kan turmi, ko ɗaya ba ta yar ba.

Kulu ta dube ta. "Ashe kina ji. Duk shekarun nan kina ba da baya kamar kurma, ashe kunnenki na kanta."

"Ina ji, Yaya."

"Ni na goya ta. Ni na wanke kashinta, ni na kwana a asibiti. Ke me kika yi, kunu?"

"Kunu."

"To da wane baki za ki hana ƴata kwanciya?"

Jummai ta ɗago. Ummu ta ce ba ta taɓa ganin fuskar uwarta haka ba, kamar an cire mata zane a kasuwa.

"Ta ce tana so ta ga ranar. A gabana ta faɗa, ni take gaya wa, ban juyo ba. Ni na haifi Wasila, Malam. A bar mini wannan."

Sunan ya fita ya tsaya a tsakar gidan. Malam Kyari ya sunkuyar da kai, shi ne ya ji kunyar. Ya ɗauki ƙyalle na farko ya shafa da babban yatsa, ya ɗauki na ƙarshe ya shafa. Ya daɗe.

"Aikin ƙwarai ne," ya ce a hankali. Ya tura salular gabanta da bayan hannu. "Ki rage mata ƙara, kada Kulu ta sake ji. Duk wanda kika ɗinka ki kawo mini in taɓa. Ranar da ya kwanta, ke da hannunki za ki kawo mini ita, a yi abin da na ce. Kin yarda?"

"Na yarda."

Kafin magariba labari ya zaga Birni. Jummai ta kira sunan ƴar fari, ta yi wa wan miji gardama a kan salula. Matan da ba su taɓa ce mata ya haƙuri ba suka samu abin taunawa a bakin famfo. Wai tsufa ya zo mata da rashin kunya, wai aljanin Turawa ya shige ta. Munafukai. Kulu ta daina gaishe ta, ta sa aka ja zana a tsakanin murhun biyu. Taku goma sha biyun nan ya koma tafiyar Agadas.

Jummai ta ci gaba. Duk wanda ta gama ta kai zaure, Malam Kyari ya shafa, ya ce, "Ya ragu." Ta ce, "Ya ragu." Rabin gaɓa. Faɗin farce. Ƙwayar wake.

Wata na biyar bayan wannan zama, ran wata Litinin, salular ta yi rawa a ƙarƙashin matashi. Ummu tana ɗakin, ba lise ranar. Ta jira uwarta ta gama ba da bayanta, suka buɗe tare. Layin ya taho yana karkarwarsa, ya iso wajen dama, ya wuce. Bai tashi ba. Wurin shafe yake kamar tafin hannu.

"Iya," in ji Ummu. "Ya kwanta."

Jummai ta ajiye salular. Ta kasa kunne wajen tsakar gida. Kaji, tabarya a maƙwabta, mai garuwa yana wucewa. Ta jira a gyara murya. Ba a gyara ba. Ga ranar ta zo, ta gani, kuma ba wadda za ta gaya wa. Gobe ko jibi a wanke salular, a tsayar da injin, duk duniya ba sauran abin da zai wayi gari ya ce Wasila, ga naki.

Ta yanki ƙyalle. Ta bi layin yadda yake, karkarwa bayan karkarwa. Da ta iso wajen dama ta tsaya, allura a sama. Ummu tana kallon hannun. Sai hannun ya hau saƙa uku, ya yi faɗi kaɗan, ya sauko.

Da la'asar ta kai zaure. Malam Kyari ya ɗora ƙyallen a gwiwa, ya bi zaren da yatsa har ya ci karo da abin. Ya koma baya ya sake bi.

"Kamar ƙwayar gero."

"Haka ne, Malam."

"Da saura ke nan."

"Da saura."

Ya miƙa mata. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah ya sani.

Yau wata huɗu ke nan. Injin bai fasa ba, layin yana zuwa a shafe, ƙyallen yana fita da ƙwayar gero. Ummu ta taɓa tare ta a ɗaki.

"Iya, ƙarya kike wa Baba fa. Kuma Inna har yanzu tana ganinta da akwati. Har yaushe?"

Jummai ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura wajen haske. Sau biyu tana kuskuren kafar.

"Idona ya gaji," ta ce. "Zo ki sa mini."

Ummu ta tsaya a ƙofa ta jima. Sannan ta zo ta karɓi allurar.